Abincin mai ƙaramin ciki a fadamar Argungu: yadda aikin ke tafiya

10 ga Mayu, 2025

Yau muka buɗe wannan kundi. Aikin na ma'aikatan ɗakin awo ne tare da ungozomomin gargajiya na wasu ƙauyuka da ke gefen fadamar Argungu, kuma buƙatarmu guda ce: bayanin abinci da maganin ƙarin jini su riski mace a ɗakinta tun cikinta bai cika wata uku ba. Yawancin matanmu ba sa zuwa awo sai ciki ya turo zane ko ya fara motsi. Mai cikin fari kunya ke riƙe ta, wadda ta saba haihuwa ta ce ai ba ciwo take yi ba, wasu kuma suna ɓoyewa don gudun baki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce a je awo sau 8, na farkon kafin ciki ya wuce mako 12.

Mun fara da lissafi, domin komai a kansa yake tafiya. Ana ƙirga ciki daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, kwana 280 ko mako 40, ko da yake ainihin shigar cikin tana zuwa ne kimanin mako biyu bayan wannan rana. Mata ba sa riƙe kwanan watan Bature, don haka tambayarmu ita ce: "Hajiya, kin sha azumi bana saboda al'ada? A goman farko ko ta ƙarshe?" Azumin bana ya kama ranar 1 ga Maris. Wadda jininta na ƙarshe ya zo a ranar, yau cikinta mako 10 cif, kuma ana sa ran haihuwarta wajen 8 ga Disamba: a ƙara kwana 7, a koma baya wata 3. A lissafin watan sama, kwana 280 wata tara da rabi ne.

Kayan koyarwarmu na farko faifai ne da muka jera abubuwa biyar a kai, kowanne yana nuna girman ɗan tayi a wani mako. Ƙwayar gero ita ce mako na 5. Ƙwayar shinkafa mako na 6, lokacin da zuciya ta riga ta fara bugawa. Ƙwayar gyaɗa mako na 8, tsawo kamar santimita ɗaya da rabi, hannuwa da ƙafafu sun tsiro. Dabino mako na 10, santimita 3, manyan gaɓoɓi duk an aza tushensu. Lemun tsami mako na 12, santimita 5 zuwa 6, yatsu sun rabu, ƙoda ta fara aiki, mabiyiya ta karɓi ciyarwa.

A kan ƙwayar shinkafar muke daɗewa. Akwai wani siririn bututu a bayan ɗan tayi wanda shi zai zama ƙwaƙwalwa da laka, kuma yana rufewa ne zuwa kwana na 28 da shigar ciki. A lokacin nan mace mako biyu kacal ta yi da ɓatan wata, sau da yawa tana cikin kokwanto. In bututun bai rufe ta ƙasa ba, a haifi yaro da ƙari a gadon baya, ƙafafunsa ba ƙarfi. In ta sama ne, a haife shi ba ƙoƙon kai, kuma ba ya rayuwa. Folik asid, wani bitamin da ake sha a ƙwaya, miligiram 0.4 kullum, shi ke rage wannan sosai, amma sai an fara shi aƙalla wata guda kafin ciki ya shiga. Wanda aka fara a wata na biyar yana taimaka wa jini, bututun kam ya riga ya wuce. Wadda ta taɓa haifar irin wannan yaro, likita zai rubuta mata mai ƙarfi tun kafin ta sake ɗauka.

24 ga Mayu

Zafi ya haura digiri 40 da rana, ga laulayi. Laulayi yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen na 9, ya lafa tsakanin na 12 da na 16 ga yawancin mata. Abin da muke koyarwa ke nan, kuma ungozomomi sun haddace shi. Kada ciki ya zauna wayam, domin yunwa ke tayar da zuciya. Ta ajiye busasshen abu a gefen shimfiɗa, ƙuli-ƙuli biyu ko gutsuren burodi, ta ci kafin ta miƙe da asuba. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi malmala biyu a zama ɗaya. Ruwa kurɓi-kurɓi tsakanin abinci, kada a kwankwaɗa a kan tuwo. Ƙaurin suya da warin daddawa a wuta su ne suka fi tayar da amai, saboda haka muna roƙon abokiyar zama ko ƙanwar miji ta karɓi soye-soye na ɗan lokaci.

Citta tana aiki. Ɗanya kamar gaɓar babban yatsa, a daddatsa, a tafasa minti 5 a kofi ɗaya da rabi na ruwa, a sha da ɗumi a hankali. In gari ne, rabin ƙaramin cokali ya isa na yini. Kunun tsamiya marar yaji ma yana zama a ciki. Amma wadda ta yi kwana guda ko ruwa ba ya tsaya mata, fitsarinta ya yi ja ya ragu, tana ganin jiri in ta miƙe, wannan ta wuce citta, ƙarin ruwa take buƙata a asibiti.

Matsalar da ta fi fitowa a makonnin nan ita ce ajiye maganin ƙarin jini. Jar ƙwayar tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma abin da aka tsara wa mai ciki miligiram 30 zuwa 60 ne kullum. Tana sa tashin zuciya, bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi, sai mace ta tsorata ta jefa ta ƙarƙashin gado. Laifin na mai bayarwa ne in bai faɗi wannan tun farko ba. Yanzu kowace sai an gaya mata: baƙin bayan gida ba illa ba ne, a sha da dare bayan an ci abinci, a yawaita ruwa da ganye. In amai ya yi yawa, ta sanar da ma'aikaciya, a ci gaba da folik asid shi kaɗai, a dawo da jar ƙwayar da zarar zuciya ta kwanta.

Batun "ci na mutum biyu" mun cire shi daga bakinmu. A wata ukun farko jiki ba ya neman ƙarin yawa, inganci yake nema, kuma ƙaruwar nauyi rabin kilo zuwa kilo 2 daidai ce. Daga wata na huɗu ne ake ƙara kimanin kalori 340 a rana, kwatankwacin kofin kunun gyaɗa da ƙwai ɗaya da ayaba.

3 ga Yuni

Saura kwana uku Layya. Wannan zaman da magidanta muka yi shi, a ƙofar gida bayan La'asar, tunda su ke rabon nama. Ƙarfen da ke cikin nama jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan na ganye da wake, don haka kada naman ya ƙare a kwana uku. A soya shi ya bushe ƙarau ko a yi dambu, a ware wa mai ciki nata, ta riƙa cin kamar faɗin tafin hannunta, a ja shi har makonni. Gashin da aka tsaga aka ga ja a ciki a mayar da shi wuta, kuma wuƙar da ta yanka ɗanye a wanke ta kafin ta taɓa albasa.

Hanta ce ta jawo muhawara. Ita ake fara gasawa ranar Sallah, kuma kowa ya san tana ƙara jini, gaskiya ne. Sai dai tana maƙare da bitamin A, wanda yawansa ke iya lahanta halittar ɗan tayi a daidai makonnin da ake gina gaɓoɓi. Iyakar da aka sa wa mai ciki 10,000 ne a rana a ma'aunin bitamin da ake kira IU, giram 100 na dafaffiyar hantar sa kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu. Abin da muka tsaya a kai: "Malam, in cikin iyalinka bai cika wata uku ba, a ba ta tsoka, a bar hantar." Bitamin A na kabewa, manja, mangwaro da ganye ba shi da wannan haɗari, domin jiki iya buƙatarsa yake sarrafawa.

21 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai, mun shuka lambun gwaji a bayan ɗakin awo. Zogale a bin danga: iri ya kwana a ruwa, rami zurfin gaɓar yatsa, taku ɗaya tsakani, kuma za a tsinke kansa in ya kai ƙugu don ya yi rassa. Alayyahu fangali biyu, an cuɗa irin da yashi don kada ya taru wuri ɗaya. Rama, sure da kuɓewa layi ɗai-ɗai. Taki ruɓaɓɓe kawai, ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Awaki sun shiga ta ƙasan danga a kwana na huɗu, an sake shuka fangali ɗaya, an datse da ƙaya.

Faifan koyarwa ya ba mu matsala iri biyu. Ƙwari sun cinye gero da gyaɗar, wasu mata kuma sun ɗauka abin da za su ci ne a kowane mako muke nuna musu. Mai ginin tukwane za ta ƙera mana siffofin da yumɓu.

12 ga Yuli

Mako uku ke nan muna girkin gwaji a murhun itace, da kayan da ake samu a kasuwar ƙauye. Wake ne ginshiƙi. Giram 100 na busasshensa yana da folik na halitta fiye da maikurogiram 600, wato miligiram 0.6, da ƙarfe kimanin miligiram 8, ga gina jiki, ko da yake wani kaso yana tafiya a dahuwa. Damuwarmu kanwa ce. Ana jefa ta don wake ya yi saurin laushi a rage itace, kuma wannan uzuri ne na gaskiya, amma tana lalata wasu bitamin, tana kuma ƙara wa jiki gishiri. Mun dafa tukunya biyu gefe da gefe: gwangwani biyu da kanwa, gwangwani biyu da aka jiƙa tun dare aka zubar da ruwan jiƙon. Na jiƙon ya nuna ba tare da ɓata itace ba, kuma bai cika kumbura ciki ba. Gani da ido ya fi duk bayanin da muka yi a baya tasiri. Jiƙon kada ya wuce kwana ɗaya a wannan yanayi, yana tsami.

Ganye kuma a wanke shi kafin a yanka. In an yanka sannan aka wanke, amfanin ya bi ruwa. Alayyahu ya shiga miya minti 5 kafin a sauke. Zogale an saba tafasa shi ya daɗe a tsiyaye ruwan a zubar, mu kuwa ruwa kaɗan muke sa wa, minti 10, ruwan ya ƙone a jikinsa, sai a yi kwaɗo da garin ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa, a matse rabin lemun tsami. Lemun ba don daɗi kaɗai ba ne, bitamin C ɗinsa ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen ganye. Gwaba da garin 'ya'yan kuka ma haka suke yi. Ganyen zogale muke magana, saiwa da ɓawonsa mai ciki ta nisance su.

Shayi shi ke yin akasin haka, yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jini. A ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar ƙarin jini. Goro ma a rage. Gishiri kuwa na leda mai sinadarin ayodin, wanda Nijeriya ta wajabta sa wa gishirin ci tun 1993, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi na buƙatarsa. A ajiye shi a gwangwani mai murfi nesa da murhu, a sa shi a ƙarshen girki.

Abincin yinin da muka amince da shi bai fita daga abin da aka sani ba. Da safe koko ko kunun gyaɗa da ƙosai. Gasarar da aka jiƙa ta ɗan yi tsami ta fi gero da aka niƙa a bushe sakin ƙarfenta. Da hantsi ɗan itacen da ke kakarsa. Da rana shinkafa da wake da manja da ganye, kuma shinkafar gumi ta fi wadda aka goge ta yi fari tas riƙe bitamin, abin da fadamar nan ba ta rasa ba. Da dare tuwon gero ko dawa, miyar kuka ko kuɓewa, da cokali biyu na garin ƙananan busasshen kifi da aka daka har ƙayarsa. A ƙayar kalsiyam yake.

Ƙwai ne har yanzu ake ja. A gidaje da yawa ana cewa mai ciki in ta ci ƙwai yaro zai yi ɗauke-ɗauke, ko ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Faɗa wa amarya ba ya amfani, ba ita ke da iko da akurki ba. Uwar miji ake zama da ita: "Inna, jikan nan naki ne. Ƙwai ɗaya a dafa shi ya yi tauri, ke da kanki za ki miƙa mata." Tsoron babban yaro ba abin rainawa ba ne a wurin da mata suka ga doguwar naƙuda da idonsu. Muna nuna musu cewa uwar da aka tauye wa abinci ita ce ke rasa ƙarfin nishi, ita ce kuma zubar jini kaɗan ke kayar da ita.

9 ga Agusta

Fadama ta cika, sauro ya yi yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, yana iya jawo ɓari, yana kuma taruwa a mabiyiya ya rage wa yaro abinci ko da uwar ba ta ji zafin jiki ba. A wata ukun farko kariyar ita ce gidan sauro mai magani, kowane dare, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin, ba a fara shi sai ciki ya kai mako 13: ƙwaya 3 a haɗiye a gaban ma'aikaciya, a maimaita da tazarar wata guda aƙalla, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Maganin tsutsar ciki ma sai an wuce wata uku. In zazzaɓi ya zo a ƙaramin ciki, a gwada jini a ranar, ma'aikacin lafiya ya zaɓi magani. Haɗin kemis da jiƙon sassaƙe a bar su.

Mun gano wani kuskure da ya kamata duk mai irin wannan aiki ya duba. Ƙaramar ƙwayar folik asid da ta fi yawa a kemis mai miligiram 5 ce, ta ninka abin da ake buƙata fiye da sau 12, kuma wannan yawan yana rage ƙarfin Fansidar. Mai 0.4 ba ta yin haka. Yanzu duk wadda ta zo sai mun ce ta kawo ledar maganinta mu karanta jikin kwalin. Akwai wata ƙwayar masu ciki mai haɗin sinadarai 15, tana da ƙarfe miligiram 30 da folik 0.4, wadda ke shan ta ba ta buƙatar ƙara jar ƙwaya a kai sai in awon jini ya nuna ƙaranci, wato ƙasa da giram 11 a ma'aunin ƙarfin jini.

Zogalen da muka shanya ya yi fumfuna, duk an zubar. Mun tara shi da kauri a ɗaki mai laima, iska ba ta ratsa shi. Shanya sai ruwa ya ɗauke, a inuwa, shimfiɗa siririya, kwana 3 zuwa 4. Yanzu ɗanye ake ci, lambun ma ya wadatar. Haka gyaɗa da masarar bara da suka rage a rumbu: duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse ko take ɗaci a tsince a zubar. Gubar fumfunar ba ta mutuwa da suya.

30 ga Agusta

Fura da nono abinci ne mai kyau ga mai ciki, sharaɗin kawai a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar da ke sa zazzaɓi mai daɗewa da ɓari. A tambayi mai tallan, kuma ruwan damun ya zama wanda aka tafasa ko aka tabbatar da tsabtarsa. Kifin gulbi, tarwaɗa ko karfasa, sau biyu zuwa uku a mako in da hali, a dafa ya nuna har ƙashi.

Masu cin farar ƙasa ko gawayi ba faɗa muke musu ba, jininsu muke aunawa, domin wannan kwaɗayin sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, ƙasar kuma tana ƙara hana ƙarfe shiga jiki.

A bayan katin abincin da muke ba mata mun zana alamomin da ba a kwana da su a gida: ganin jini komai ƙanƙantarsa, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, jiri har da faɗuwa, zazzaɓi, zafin fitsari, amai marar tsayawa. Na biyu da na uku muka fi jaddadawa. Ciki yakan zauna a hanyar ƙwai maimakon mahaifa, ya fashe, galibi tsakanin mako na 6 da na 10, jini ya zuba a cikin ciki ba a gani a waje. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa. A wuce kai tsaye babban asibiti a Argungu ko Birnin Kebbi, kuma a tafi da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Mun nemi kowane maigida ya san tun yanzu wane mai mota ko mai kwale-kwale zai kira da dare, tunda ruwa ya yanke wasu hanyoyin.

20 ga Satumba

Siffofin yumɓu sun iso, na mako na 5 ya yi ƙanƙanta har yana ɓacewa, an manne shi a jikin ɗan katako. Ungozomomi sun fara kawo mana mata masu ɓatan wata biyu ta ƙofar baya, a ranar da ba ta awo ba, don kada a gan su a layi. Wannan tsari zai ci gaba, da tsinken gwajin fitsari a hannun ma'aikaciya ɗaya mai riƙe sirri.

Inda ba mu kai ba tukuna shi ne mako na 6, kuma ba za a kai gare shi ta ɗakin awo ba, sai ta ɗakin amarya. Kaka ta gabato, bukukuwan aure za su yawaita da zarar an cire amfanin gona. Mun fara zama da gwaggonni da masu gyaran amare, su da ke da kunnen yarinya a makonnin kafin biki, domin folik asid ya shiga cikin kayan da ake ba ta, ta fara sha wata guda kafin tarewa. Masu shayarwa da ke shirin yaye ma suna cikin lissafi. Wasu iyaye sun yi zargin maganin hana haihuwa ne, don haka za mu kai kwalin gaban limamai da masu unguwanni su gani, a karanta musu abin da ke jiki.

Abin da ya rage kafin zaman 4 ga Oktoba: a samo mai miligiram 0.4 da yawan da zai kai wata uku ga kowace amarya, a sake zana katin da hotuna zalla saboda waɗanda ba sa karatun boko, a rubuta na ajami, a kuma tsinke kan zogale karo na biyu, shanyar ganye kuwa a jira iskar kaka.